Bambancin ma'auni biyu na makin ɗaliban sakandare a Amurka

Matsakaicin makin ɗalibi, wato GPA, yana cikin abubuwan da jami'o'in Amurka ke fara dubawa kafin su ba da gurbin karatu ko tallafi. Sai dai makarantun sakandaren ƙasar suna lissafa shi ta hanyoyi biyu.

A ma'auni na farko, marar ƙari, sakamakon A yana da maki 4, B 3, C 2, D 1, F kuwa sifili. Ba ruwansa da wahalar darasi.

Na biyu, mai ƙari, yakan kai maki 5. Makarantu da yawa sukan ƙara maki 1 a darussan AP da IB masu zurfi. Don haka B a irin wannan darasi yana zama maki 4, daidai da A a darasi na gama-gari. Manufar ita ce kada ɗalibai su guje wa darussa masu wahala saboda tsoron raguwar maki.

Tun da kowace makaranta da irin ƙa'idarta, wasu jami'o'in sukan sake lissafin da kansu. Jami'ar Kalifoniya tana duba sakamakon aji 10 da 11, tana kuma neman aƙalla 3.0 daga mazauna jihar, 3.4 daga waɗanda ba mazaunanta ba.

Saboda haka 4.0 ba ya nufin cikakken sakamako sai an san ma'aunin da aka yi amfani da shi.