TSOHUWAR MOTAR SOJA: INA WUTA TA MAƘALE?

Daga 1941 zuwa 1945, masana'antun Amurka sun ƙera kamyo ƙirar GMC CCKW sama da 500.000 saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan Faransa ma sun samu rabonsu, suka yi shekaru suna aiki da su bayan yaƙi. Waɗanda suka rage a yau sun haura shekara 80, kayan gyaransu kuwa sun yi wuya. Saboda haka ranar da irin wannan mota ta ƙi tashi, bakaniken da ya kama canza kaya bisa ƙaddara yakan ƙarar da kuɗin mai mota, ciwon kuma yana nan.

Injinta mai silinda 6 ne, isansi yake sha, batirinta kuma bolt 6. Wuta tana fitowa daga batir, ta bi ta makulli zuwa bobin, wanda ke ɗaga ƙarfinta zuwa dubban bolt. Daga nan delko ya rarraba ta ga buji 6, kowane a lokacinsa. Hanya ɗaya ce, kuma gwanin aiki yakan bi ta daki-daki daga tushe.

Batir da mas

Bolt 6 ba shi da rarar da za a ɓarnatar. Tsatsa kaɗan a kan batir, ko igiyar mas da ta saki jikin mota, ta isa ta raunana wuta: demarer ya kwashe ƙarfin duka, bobin ya tashi da ɗan abin da bai kai ba. Aikin farko shi ne a kankare kawunan batir, a ɗaure su tamau.

Gwajin tartsatsi

Sai a zare babbar wayar tsakiyar murfin delko, a riƙe ta da busasshen itace kamar rabin santimeta daga ƙarfen inji, wani ya buɗe makulli ya juya inji da demarer. In tartsatsi ya fito shuɗi, yana ƙara, to bobin da falatin lafiya lau suke, laifin yana gaba: murfin da ya tsage, rotor da ya ci, wayoyi ko buji. In ya fito ja-ja, ko bai fito ba sam, sai a koma baya.

A nan ƙaramin ƙwan fitila yake amfani. A haɗa shi tsakanin mas da bakin bobin mai zuwa delko. Yayin da inji ke juyawa, ya kamata ya riƙa ƙyaftawa. In ya tsaya a kunne, falatin ba ya rufewa sosai, ko ya yi datti. In bai kama ba ko kaɗan, wuta ba ta isowa, ko tana zurarewa mas ta falatin ko ta kondansater. Tazarar falatin in ya buɗe kusan rabin milimeta ce.

Ciwon da ke jiran zafi

Akwai motar da kan tashi sumul da safe, ta mutu bayan tafiya, ta sake tashi in ta huce. Direbobi sukan ɗora laifi kan karburater, amma sau da yawa bobin ne ko kondansater ya tsufa, ba ya jure zafi. Barin makulli a buɗe inji na tsaye yana dafa bobin. Haka kuma sa batir mai bolt 12 ga bobin mai bolt 6 yana ƙone shi tare da falatin.

Wanda ya kwance wayoyin buji kuma, wajibi ne ya mayar da su bisa jerinsu: 1-5-3-6-2-4. Waya biyu in suka sauya wuri, sai inji ya yi ta tari da harbi.

Ƙwan fitila ɗaya da guntuwar waya ba su kai kuɗin bobin sabo ba. Bakaniken da ya fara da su ya tsare aljihun mai mota, ya kuma tsare sunansa.