Kalmar "Chasmal": Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Daga cikin siffofin Ingilishi da ba kasafai ake cin karo da su ba akwai "chasmal". Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne furucinta: haruffa biyun farko ana faɗarsu kamar "k", wato kazmal. Dalili kuwa shi ne tushenta, "chasm", daga Girkanci ya fito, ya biyo ta Latin ya shigo Ingilishi. A Girkanci asalin kalmar yana nufin wage baki, kamar na mai hamma. Saboda haka abin da aka siffanta da ita ba rami ne kawai ba. Rami ne wanda ƙasa ta wage baki, mai zurfi, wanda ba ya tsallakuwa. Marubucin nan na Ingila, Thomas Hardy, ya yi amfani da ita a waƙarsa "Beeny Cliff" ta 1913 wajen siffanta gaɓar tekun Cornwall. Tana da 'yar'uwa, "chasmic", ma'anarsu ɗaya.

Ga mai fassara, wahalar tana wajen zaɓe, domin Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Wushirya ƙaramar rata ce, har ado ce ga mai ita. Giɓi kuwa wurin da wani abu ya fita ne, haƙori ko ɓangaren katanga, shi ya sa ake cewa a cike giɓi. Kwazazzabo shi ne inda ruwa ya zaizaye ƙasa, irin wanda ake gani a bayan garin Sakkwato in damina ta yi ƙarfi. Amma siffar da ta fi kusa ita ce wawakeke, domin ita ma hoton buɗaɗɗen baki take kawowa. Zurmeme zurfi kaɗai ya kama, bai kama faɗi ba.

Wannan bambanci ba na masu nahawu kaɗai ba ne. An ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba 1976, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce rage ratar ilmin boko tsakanin Arewa da Kudu. Ma'aikacin da ya kira wannan rata giɓi yana cewa ne ana iya cike ta da azuzuwa da malamai. Wanda ya rubuta "chasmal" kuwa, ko ya sani ko bai sani ba, ya nuna cewa ta fi ƙarfin ciko. Idan aka fassara maganarsa da giɓi an sassauta masa. Idan aka mayar da giɓi wawakeken rami an sa masa yanke ƙaunar da bai yi ba.

Kada kuma a rikita ta da "abysmal". Ita ma daga rami marar iyaka ta samo asali, amma yawanci abin da ya lalace ƙwarai ake nufi da ita, kamar sakamakon jarrabawa.