Idan Audacity ta ƙi buɗewa bayan sabuntawa

A Gaffati, ta gundumar Mirriya, mai haɗa sautin wa'azi ko waƙar biki ko tallan da za a kai gidajen rediyon Damagaram yakan dogara da Audacity, don kyauta ce. Sai a sabunta ta da dare, da safe a danna, ta leƙo ta ɓace.

Sau da yawa laifin yana wurin fayil ɗin da manhajar ke ajiye saitinta. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %appdata%, a shiga jakar audacity, a sauya wa audacity.cfg suna. Da an sake buɗe ta za ta ƙirƙiri sabo, kuma ayyukan da aka adana ba za su taɓu ba. In ta ci gaba da taurin kai, a yi wa pluginregistry.cfg haka, domin tsofaffin ƙarin kayan gyaran murya da aka kwaso wurin abokai sukan kayar da ita tun tana duba su.

Ɗaukewar wuta ko yankewar intanet ana tsakiyar saukewa ma na barin fayil rabi. Nan sai a cire manhajar a girka sabuwa.

Kafin a koma tsohuwa kuwa, a kula: tun daga Audacity 3.0 ta 2021 ana adana aiki a aup3, wanda tsofaffin ba sa buɗewa. Sai a fitar da shi a WAV tukuna, ko da a kwamfutar maƙwabci ne.