Mai Niyyar Madina Ya Shirya Jikinsa

Jama'ar zango, mai haramar aikin hajji ya kan tanadi guzuri, amma ya manta da ƙafafunsa. Daga Masallacin Annabi zuwa Masallacin Kuba wajen mil 2 ne, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kan je can ran Asabar, wani lokaci a ƙasa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa a Makka shi ma kusan mil 2 ne. Dattijon da ya saba wuni zaune a rumfa, ina zai iya?

To, masu gasar ɗaga ƙarfe abu 3 su ke yi: tsuguno da nauyi, tura shi daga ƙirji, da ɗaga shi daga ƙasa. Mu ari dabararsu, gwargwadon ƙarfinmu.

Ran Litinin, ka zauna bisa kujera ka tashi ba dafawa, sau 10, ka huta, ka maimaita har zagaye 3. Ran Laraba, ka dafa bango ka tura, haka nan. Ran Alhamis, ka ɗaga bokitin ruwa, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, kada ka riƙe numfashi. Ran Asabar kuwa, tafiya bayan asuba. Sauran kwanaki hutu, don da hutu jiki ke ginuwa. Kowane mako a ƙara kaɗan.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. A soma tun da sauran wata 3. Allah ya kai mu lafiya, amin.