Gumi da Agogo: Sirrin Hawan Dutse Cikin Dusar Ƙanƙara

Dutsen Washington da ke jihar New Hampshire, arewa maso gabashin Amurka, tsayinsa mita 1,917 ne kacal, ko rabin Kilimanjaro bai kai ba. Mai ƙoshin lafiya yana iya tashi da asuba ya kai ƙololuwa, ya sauko kafin duhu. Amma tun daga 1849 fiye da mutum 150 sun rasa rayukansu a kansa da kewayensa. A nan ne, ranar 12 ga Afrilu 1934, masu binciken yanayi suka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa. To, me ke raba wanda ya dawo gida lafiya da wanda aka fita nema? Galibi abu biyu ne: gumi da lokaci.

Sanyin gindin dutse daban, na samansa daban. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6.5. Daga Pinkham Notch, inda matafiya ke farawa, zuwa ƙololuwa hawa ne na kusan mita 1,300, wato sama da digiri 8 ke nan. Sannan akwai inda itatuwa ke ƙarewa, ba sauran abin da zai kare mutum daga iska. Ita kuwa iska aikinta share ɗan ɗumin da jiki ya tara a kan fata. A Fabrairun 2023, sanyi da iska suka haɗu a ƙololuwar har abin da fata ke ji ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. A irin wannan hali, hanci ko kunnen da aka bari a buɗe cikin 'yan mintoci yake daskarewa.

Sai dai babban abokin gaba daga jikin mutum yake fitowa. Hawa aiki ne, jiki kuma sai ya yi gumi ko da ƙanƙara na zuba. Ruwa na janye zafi daga jiki kusan sau 25 fiye da iska. Ka dubi randa: raɓar da ke tsattsafowa a bayanta, in iska ta busa, ita ke sanyaya ruwan ciki. Haka mai jiƙaƙƙiyar riga yake zama da zarar ya tsaya hutawa. Shi ya sa ba a hawa da auduga, domin tana shan gumi ta riƙe. Ana sa tufa hawa uku: ta jikin fata ta ulu ko zaren roba mai fitar da gumi waje, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Gwanaye kan fara tafiya suna ɗan jin sanyi, su cire riga tun kafin gumi ya tsattsafo, su mayar da ita da zarar sun tsaya. Rigar kauri ta hutu tana saman jaka, inda hannu zai same ta ba lalube.

In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Makyarkyata ce ke fara zuwa, sai yatsu su kasa jan zif, sai tuntuɓe, sai magana ta sarƙe. Muguntar abin ita ce hankali ma yana dushewa, mutum na cewa lafiyarsa ƙalau alhali ba haka ba ne. Don haka ba a tafiya a kaɗaice: abokinka ne zai ga abin da kai ba ka gani, ya sauya maka busasshiyar riga, ya ba ka shayi mai sukari. Abinci shi ne makamashin ɗumin, a ci kaɗan-kaɗan a kai a kai. Gorar ruwa kuma a kife ake ajiye ta, domin ruwa daga sama yake fara daskarewa, kada bakinta ya toshe.

Ƙasa ma tana da nata sharaɗin. Ana ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora, a riƙe gatarin ƙanƙara don tsai da kai in an zame. A sa baƙin tabarau, domin sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona ido. Kwarin Tuckerman da ke jikin dutsen ya yi ƙaurin suna wajen zaftarewar dusa, shi ya sa a lokacin hunturu ake bin hanyar Lion Head, bayan an karanta hasashen da cibiyar lura da zaftarewar ke fitarwa kullum.

Saura agogo. A Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, tafiya cikin dusa kuwa ba ta sauri. Tun a gindin dutse ake yanke lokacin juyawa, a ce ƙarfe ɗaya, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Dole a yanke shi da safe, lokacin da ciki ke cike, hankali ke kwance, domin gajiyayyen da ya hango ƙololuwa kusa ba ya yi wa kansa adalci. Sauka ita ce rabin tafiyar da ake yi da ragowar ƙarfi. Wanda ya juya a kan lokaci bai yi asara ba; dutsen na nan, gobe ma rana ce.