Barcin Katin Sadarwa: Dalilin Sanƙarewarsa da Maganinsa

Da rani, idan tafki ya ƙafe, gaiwa takan shige cikin laka ta yi likimo, ta rage amfani da kuzarinta har ruwan damina ya sauka. Maƙeran na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, suna bin irin wannan dabara domin tsimin wutar lantarki. Sai dai wani lokaci barcin yakan zarce, musamman ga katin sadarwa, ɓangaren da ke haɗa kwamfuta da 'yan'uwanta ta waya.

Alamar matsalar ita ce sadarwa ta yanke ba zato, alhali wayar lafiya lau take. Takan dawo bayan 'yan daƙiƙoƙi, ko kuwa sai an kashe na'urar an kunna. Mutane da dama sukan ɗauka katin ya mutu, su yi asarar kuɗi wajen sayen sabo.

Hanyoyin tsimi biyu aka fi zargi. Ta farko ita ce ASPM, wadda ke kwantar da layin PCI Express da ke tsakanin katin da babban allon kwamfuta. Tana da matakai biyu, L0s da L1. Na biyun ya fi nauyin barci, farkawarsa kuma ta fi daɗewa. Ta biyu ita ce EEE, ƙa'idar IEEE 802.3az ta shekarar 2010, wadda ke hutar da layin waya idan babu saƙo. Idan saƙo ya iso amma farkawa ta gagara, sai katin ya sanƙare. Kamfanin Intel ya taɓa bayyana cewa sanƙarewar katinsa samfurin 82573 daga wani saitin tsimin wuta take, an kuma magance ta da canza saitin kawai.

Bisa ga haka, mai gyara ya fara da gwada wata wayar. Daga nan ya kashe EEE, da umarnin ethtool a Linux ko ta Device Manager a Windows. In abin ya ci gaba, ya kashe ASPM a cikin BIOS, ya kuma sabunta manhajar da ke tafiyar da katin.

Ƙa'idar ɗakin gwaje-gwaje ce ke aiki a nan: a canza abu ɗaya tak, a saurari sakamako, a rubuta. Kwamfutar za ta ɗan ƙara shan wuta, amma katin da aka yi wa zaton mutuwa zai ci gaba da aikinsa.