TARKO A DAWA, CINIKI A BIRNI: Labarin Damisa da Jibda da Kyanwar Daji

Ba a ɗana wa damisa tarko a cikin ganuwar Kano, amma a cikin ganuwar ake yanka wa abin da tarkon ya kama kuɗi. Tun sa'ad da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, maharbi na kawo fata daga dawa, majemi ya jeme ta, baduku ya ɗinka, fatake su ɗauka su yi Arewa da ita ta cikin Sahara. Wanda ya lura da wannan zai gane abu guda: mai saye shi ke zaɓa wa maharbi irin tarkon da zai ɗana, ko da kuwa bai taɓa taka dawa ba.

A ɗauki jibda, ko da yake masana dabbobi ba su lissafa ta cikin dangin kyanwa na sosai, sai dai maƙwabciyarsu. Ita ba fatarta ake so ba, ba namanta ba, sai wani maiƙo mai ƙarfin wari da ke taruwa cikin wata 'yar jaka a ƙarƙashin wutsiyarta, wanda in an sirka shi da wasu turaruka yakan sa ƙanshinsu ya daɗe a jikin tufa. Matacciyar jibda ba ta ba da turare, gurguwa kuwa ba ta daɗewa. Saboda haka tilas a kama ta da rai, lafiya lau. A ƙasar Habasha, inda sana'ar ta fi ƙarfi har yau, da raga ake tare ta. Sa'an nan a sa ta cikin wani matsattsen keji na itace wanda ba ta iya juyawa a ciki, ana ba ta nama da kunu, bayan kowane kwana goma ko makamancin haka a riƙe wutsiyar a kwashe maiƙon da ɗan cokali na ƙaho, a tara shi cikin ƙahon sa. A da an yi irin wannan kiwo a ƙasar Hausa ma. Ba za a ce zaman kejin nan daɗi ne da shi ba, amma dai mai jibda yana da dalilin da zai sa ya so ta rayu. Abin da ya rage wa sana'ar kasuwa ba doka ba ce, ilimi ne. A 1926 wani masanin haɗa magunguna a ƙasar Suwizalan, Leopold Ruzicka, ya gano ƙirar sinadarin da ke ba da ƙanshin, daga baya kuwa masu yin turare a Turai suka koma ga wanda ake haɗawa a masana'anta.

Damisa kuwa labarinta dabam ne, domin ita rigarta ce ta jawo mata. Fatar da mashi ya yayyaga ko harsashi ya ɓuɓɓula ba ta kuɗi, don haka maharba suka nemi hanyar da za su same ta ba tare da sun ɓata abin sayarwa ba. Tsohuwar dabara a ƙasashen Afirka da yawa ita ce a kafa ɗan ɗaki na manyan itatuwa, a raba shi biyu, a ɗaure akuya a ƙurya, a rataye ƙyaure mai nauyi a baki. Kukan akuya ya jawo damisa, ta shiga, ta taɓa igiya, ƙyaure ya faɗo. Akwai kuma rami da ake rufewa da kara da ciyawa a kan turbar da ta saba bi, da bindigar da ake ɗanawa a bakin mushe. Duk waɗannan aiki ne mai wuya. Sai mutum ya san sawu, ya san inda take shan ruwa, ya yi kwana da kwanaki yana gini, yawanci kuwa don damisa guda wadda ta addabi garken gari. Irin wannan farauta ba ta ƙarar da dawa.

Abin da ya canja al'amari shi ne ƙarfe. Tarkon baƙin ƙarfe mai haƙora, wanda ke datse ƙafa in an taka shi, ya yaɗu tare da kayan kantunan Turawa, maƙera kuma suka koyi ƙera shi. Bayansa zargen waya ya zo, wanda ake yi da wayar birkin keke ko ta mota. Mutum guda na iya ɗana hamsin a yini, ya koma gida ya kwanta. To, ga inda cutar take: ƙarfe ba ya tambayar wanda ya taka shi. An ɗana don gada, sai ya kama kyanwar daji, ko karen makiyayi, ko ɗan maraƙi, wani lokaci ma yaron da aka aika itace. Dabbar da ya kama takan kwana biyu ko uku tana fama kafin mai tarko ya zagayo, wata har ta ciji ƙafarta ta tsere da dungu. Damisar da ta gurgunce haka ba ta iya kamun barewa, sai ta koma kan awakin ƙauye, a ce ta zama muguwa, alhali tarko ne ya mai da ita haka.

Hukuma ba ta jahilci wannan ba. Tun 1916 akwai dokar kiyaye namun daji a Nijeriya. A 1933 manyan ƙasashen da ke mulkin Afirka suka yi taro a Landan suka yarda a hana farauta da rami da zarge da tarkon ƙarfe da ɗanannar bindiga da dafi a duk inda hanawar za ta yiwu. Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963. Amma malaman daji na En'e kaɗan ne, dawa kuwa faɗi gare ta, kuɗin fata kuma sai hawa yake yi. Ingila ta haramta tarkon ƙarfe mai haƙora a gida a 1958, amma wannan bai rage masa aiki a dazuzzukanmu ba.

Hawan kuɗin nan daga nesa ya taso. A 1962 aka ga matar Shugaban Amurka, Jacqueline Kennedy, sanye da kwat ɗin fatar damisa, sai matan attajirai suka ce su ma sai irinta, kowace riga kuwa tana cin fata da dama. A shekarar 1968 kaɗai fatun damisa fiye da 9,000 suka shiga Amurka. Wannan ɓarna na cikin abubuwan da suka sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar CITES a Washinton a 1973, wadda ta fara aiki a 1975 ta rufe cinikin fatar damisa tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya na cikinta, ta kuma yi Doka ta 11 ta 1985 don zartar da ita. Sai dai ga abin mamaki: da aka rufe wannan ƙofa, masu ɗinkin riguna suka juya kan wasu kyanwoyin daji masu guntuwar wutsiya na Amurka da Kanada, watau bobkat da linkis, kuɗin fatarsu ya tashi, masu tarko suka bazama cikin ƙanƙara. A 1977 su ma aka sa su cikin yarjejeniyar. Can har yanzu ana kama su, amma da lasin, a lokacin da aka ƙayyade, kuma ba a fita da fata waje sai an maƙala mata lambar hukuma. Akawu zai gane amfanin wannan, domin abin da aka ƙirga shi ake iya sanin ko yana raguwa.

A nan gida damisa ta yi wuyar gani ƙwarai. Dajin Falgore, kudu da birni a kan hanyar Jos, ba shi ne na da ba, sai a manyan gandaye irin na Gashaka Gumti ake sa ran samunta. Manomi ya kamata ya damu da wannan fiye da kowa, gama gwaggon biri da gadu, masu cin dawa da rogo, suna cikin abincinta.

Wadda ta rage kusa da mu ita ce kyanwar daji, wadda ake ɗana wa tarko don ta ɗauki kaza. Malamai za su iya gaya wa yara cewa ita ce kakar duk magen da ke kwance a zaurukan birni, domin daga irinta aka samo kyanwar gida, an kuwa tono kabarin mutum tare da kyanwa a tsibirin Kubrus wanda ya kai shekara 9,500. Rumbu ne ya haɗa ta da mutum tun farko, gama inda hatsi yake nan ɓera yake. Yawancin abincinta ɓeraye ne da 'yan tsuntsaye da ƙadangaru, kaza sai in ta tarar da akurki a buɗe. Ƙyauren akurki mai ƙwari da ake rufewa da magariba bai kai kuɗin tarkon ƙarfe ba, ba ya kuma kama ƙafar kowa.